Baƙin Ɗigo a Saiwar Haƙorin Makka

Ban yi boko ba, karatun allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi, amma ba a taɓa kama ni da mantuwa ba. Abin da idona ya gani tun ina goyon ƙanne yana nan a kaina, jere kamar kwanukan ɗaki. Saboda haka in kun ga na kai waɗannan shekaru ban faɗa muku yadda ubanku ya rasu ba, kada ku ce tsufa ne ya ɗauke mini. Ina sane na yi shiru. Yanzu kun watse. Babbanku, da ba na kama sunansa, yana Hartum, Saude tana Damazin, Auta sai salla-salla. Jikokina in na yi musu Hausa sai su amsa mini da Larabci. Gidan ya rage daga ni sai randa sai gadon igiya, kuma mutum in ya zauna shi kaɗai, maganar da ya binne ita ke zuwa masa hira. To, a rubuta yadda ta fito daga bakina, kada a ƙara mata gishiri, kada a rage.

Kun tashi kuna jin ana cewa Baffanku Ilu wanzami ne ya kashe ubanku, wai ya cire masa haƙorin Makka da awartaki. Da wannan magana kunka girma, saboda ita kunka daina taka ƙofarsa, har ya mutu a Rusairis babu ko ɗayanku da ya je gaisuwa. Ba haka abin ya kasance ba.

Sai na koma baya kaɗan, don in ba ku san abin da haƙorin nan yake a wurina ba, ba za ku gane sauran ba. Iyayenmu daga yamma sunka taso, ƙasar Sakkwato, da niyyar hajji, a ƙasa, da jakuna da yara. Ubana ya iso bakin bahar, kogin nan da ke bayan garinmu kusa da Abu Hujar, ya ce zai yi damina ɗaya ya haɗa guzuri ya wuce. Daminar nan ɗaya ita ce ba ta ƙare ba har anka sa shi a ƙasa. Haka uban mijina. Garinmu duka mutanen hanya ne da hanya ta ƙare musu a tsakiya: gida ya yi nisa, Makka ba ta zo kusa ba. A kasuwa kuwa Larabawa suna ce mana Takari, da wata murya sai ka ce jiya munka sauke kaya, alhali a nan anka yanke mana cibiya. Ni wannan kalma tana ƙona ni. Na sa a raina cewa daga ɗakina za a sami wanda zai ƙarasa tafiyar.

Shekara tara ina gaban kasko. Ƙosai da safe a bakin kasuwa, gyaɗa da yamma, in lokacin cirar auduga ya yi mu ɗaure kaya mu nufi Jazira mu yi ƙwadago a gonakin mutane. Da guzuri ya haɗu, na mutum ɗaya ne. Ubanku ya ce mu ƙara haƙuri mu tafi tare. Na ce da wannan haƙurin iyayenmu sunka mutu, ya tashi ya tafi. Ya tafi, Allah ya dawo da shi lafiya, da ɗan zamzam a gora da dabino da ba su zagaya unguwa ba. Da mutane sunka watse ya rage mu biyu a tsakar gida, ya kira ni, ya ɗage leɓensa na sama.

“Dije, ga tsarabarki. Ba ta shiga akwati, sai na riƙo miki ita a baki.”

Haƙorin sama ne, na kusa da fiƙa, an yi masa hula ta zinariya. Ya ce wani mutum ne a can ya goge shi da ɗan magagari har ya ƙanƙance, sannan ya kifa masa zinariyar. Ya yi masa zugi kamar wata guda, daga baya ya yi shiru, munka ce alhamdu lillahi ya warke. Ubanku ba mai yawan dariya ba ne, kun san shi, ko ku da kunka san shi kaɗan. Amma ni na koyi hanyoyin sa shi dariya a gaban jama'a. In muna kasuwa sai in jefa masa wata magana, ya yi murmushi, abin ya walƙa, in ga Balaraben da ke awon dawa ya gyara murya ya ce ya Haj. Ni kuma na zama matar Alhaji. Ban ga Ka'aba ba, amma kullum in ya buɗe baki zai ci tuwo ina ganin shekaruna tara.

Shekara huɗu bayan nan, lokacin da ake gina madatsar ruwa a Rusairis samari suna ta kwarara can neman aiki, mun je cirar auduga kusa da garin Madani can Jazira, a wata hawasha, wato irin gonar nan da hukuma ke yanka wa mutum a bakin magudanar ruwa. Rani ne. Ana ɗora wa raƙumi buhuna, ubanku yana riƙe da igiya, raƙumin ya juyo da kai ya make shi a baki. Leɓe ya tsage, haƙorin da ke maƙwabtaka da na zinariya ya ɓantare. Mai hawashar mutumin kirki ne, ya tsayar da lori ya ce a kai shi asibiti a Madani. Na bi, da Auta a bayana. Hakim, wato likitan, saurayi ne siriri mai tabarau. Ya ɗinke leɓen, sannan ya ce yana so ya ga ko saiwar haƙoran ta tsage a ciki, za a ɗauki ashi'a. Ranar na fara jin sunan. Hoto ne da ke ratsa nama ya nuno ƙashi. Sunka sa masa wani ɗan abu a baki ya danne da yatsa, sunka kara masa wani ƙarfe kusa da kunci, kafin in gyara goyo an ce an gama. Ubanku ya fito yana cewa shi bai ji komai ba, anya ba wasa sunka yi masa ba. Munka zauna gindin dogon yaro muna jira har anka kira mu.

Hakim ya ɗaga hoton, bai fi akwatin ashana ba, ya kara shi a jikin wani gilashi mai fitila a baya. Na ga haƙora uku a jere, dogaye fiye da yadda na san haƙori. Ashe abin da muke gani a baki rabi ne, ɗaya rabin yana binne cikin ƙashi kamar rogo a ƙasa. Biyu toka-toka ne. Na tsakiya kuwa kansa fari fat, ya fi audugar da munka baro haske. Hakim ya ce wanda raƙumi ya ɓantare lafiyarsa lau, kaifinsa kawai za a goge. Sai ya ɗora bakin alƙalaminsa can ƙarshen saiwar mai farin kan, inda wani baƙin ɗigo yake zaune, bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce ga inda maganar take. Ya ce gugar da anka yi wa haƙorin kafin a sa zinariya ta kashe jijiyarsa, yanzu mugunya ce ke taruwa a gindinsa tana cin ƙashi a hankali, kuma ido ba zai taɓa gani ba don zinariya ta rufe. Ina jin Larabcin kasuwa sarai, babu abin da ya wuce ni. Ubanku ya ce ai shi ba ya masa ciwo ko kaɗan.

“Ya Haj, da yana ciwo da tuni ka zo da ƙafarka,” in ji hakim. “Mai rai ke ciwo. Wannan ya mutu, shi ya sa ya yi shiru. Yau aikin rabin sa'a ne, jibi ka koma gona. Ranar da zai yi magana, ba na so ta same ka nesa da mu.”

Ubanku ya tambayi zinariyar fa. Hakim ya ce zai ba shi abarsa a hannu, in ma yana so akwai masu yin irinta a nan cikin Madani, daga baya a dasa masa wani. Na ga ubanku ya gyara zama a kujerar, na san ya yarda. Sai ya juyo ya dube ni, don tun da munka yi aure bai taɓa yanke wani abu bai dube ni ba. Na yi masa da Hausa, don kada hakim ya ji.

“Shekara tara ina gaban kasko. Ban ga Ka'aba ba, ban sha zamzam a bakin rijiya ba, wannan kaɗai na gani. Yanzu ka shiga gari da giɓi? Ko da haƙorin Madani, a riƙa cewa ga Alhajin Madani nan? A kan haƙorin da bai yi maka komai ba?”

“Dije, hajji ba a baki yake ba.”

“Naka ke nan. Nawa a bakinka yake.”

Ubanku ya tashi daga kujerar. Hakim bai ji Hausa ba amma ya karanta fuska. Bai yi faɗa ba. Ya sa hoton a 'yar ambulan ya miƙa wa ubanku, ya ce in ba ma so a nan, mu kai wa hakim na Sinja, ya fi kusa da garinmu, amma kada mu bari ruwa ya sauka. Ya maimaita har sau biyu: kafin ruwa ya sauka. Ni na karɓi ambulan ɗin daga hannun ubanku na soke a ɗankwali.

Da munka koma gida ban ɓoye hoton ba, nuna shi na yi. Babu wanda ya taɓa ganin cikin bakin mutum a takarda. Mata sunka cika mini tsakar gida, na ɗaga shi ga rana, sunka ga haƙora biyu dushi-dushi, na Makka a tsakiya yana haske shi kaɗai. Wata tsohuwa ta kama salati, ta ce ko na'urar nasara ta yi shaida, abin da ya je ɗakin Allah ba ya ɓuya. Maganar ta bi gari. Har daga ƙauyukan maƙwabta ana zuwa, wasu su shafa ambulan ɗin su shafa a fuska. Ni kuwa na koyi riƙe hoton ta yadda babban yatsana zai zauna daidai kan baƙin ɗigon. Ba a hannun kowa nake bari ba. In na ce ban san abin da nake yi ba na yi ƙarya. Amma da mutum talatin sunka gaya mini haske sunka gani, sai ni ma na fara mantawa da abin da ke ƙarƙashin yatsana.

Mutum ɗaya ne bai yi salati ba, Baffanku Ilu, ƙanin ubanku. Shi ke aski da kaciya da ƙaho a garin, shi ke cire wa mutane haƙori in ya dame su. Tsakanina da shi wasan ƙanin miji ne, kullum sai mun taɓa. Ya dawo daga Rusairis inda yake zuwa yi wa ma'aikata aski, ya same ni ina nuna wa mata, ya leƙo ta kafaɗata ya yi dariya.

“Matar yaya, na ga irin hoton nan a can. Wani ne ƙusa ta shige masa ƙafa, ita ma ƙusar fara fat ta fito. Ita ma hajjin ta yi?”

Mata sunka ce Ilu ba ya rabo da saɓo. Ya bari sunka tafi, ya ce in ba shi ya gani. Na ɗaga masa daga nesa. Ya sa hannu a hankali ya ture mini yatsa gefe. Ya daɗe yana kallo, dariyar ta bar fuskarsa. Ya je ya sami ubanku a rumfa, ya ɗage masa leɓe, ya danna dasashi da yatsa. Akwai wani ɗan ƙurji can sama, kamar ƙwayar gero. Ubanku ya ce yakan fito ya koma, wani lokaci da safe yakan ji gishiri-gishiri a baki, amma ba ciwo. Ni ban taɓa sani ba sai ranar. Ilu ya ce ya ga irinsa, ba ya ƙarewa da kyau. Ya ce hakim ya yi gaskiya, gara su tafi Sinja ranar kasuwa, shi zai raka shi. In kuma tafiyar ce ba a so, ga zabirarsa nan, yanzu ma sai ya cire. Na ce masa mutumin da iyakar tafiyarsa Rusairis da zabira a hammata, ina ya ga ta cewa kan haƙorin Makka. Na ce hassada ce, ya ga wansa ya kai inda bai kai ba. Ban tsaya nan ba, na faɗi wasu da ba zan sa a rubuta ba. Ya ɗauki zabirarsa.

“Bakinki ya fi askata kaifi, matar yaya. Allah ya sa ni ne maƙaryacin.”

Ubanku mutum ne mai gudun tashin hankali a gida. Ya ce wa ƙaninsa a bari a gama sharar gona. An gama shara, ya ce a bari a yi shuka. Duk lokacin da ya ɗauko zancen Sinja sai in ɗaure fuska in shiga ɗaki, shi kuma ya bar shi. Ruwa ya sauka. Ku da kunka tashi da kwalta ba ku san ƙasar nan da damina ba. Baƙin laka ne mai kama ƙafa, lori ba ya shiga ba ya fita sai kaka, jaki ma har gwiwa yake nutsewa. Garinmu yakan zama kamar an rufe shi da faifai.

Ana tsakiyar noma, wata safiya ya ce haƙorin ya yi masa tsawo, in ya haɗa baki shi ke fara taɓawa. Kafin azahar kunci ya tashi. Na daka kanumfari na cusa masa, na gasa tsumma ina dannawa, na ce iskar damina ce. Ilu ya zo ƙofa na ce barci yake. Kwana na biyu leɓen ya yi kamar an hura, zazzaɓi ya rufe shi, yana rawar sanyi rana tsaka. Kwana na uku idon hagu ya rufe ruf, fatar ta yi sheƙi. Ranar na tafi gidan Ilu da ƙafata, ba takalmi, na tsaya a ƙofarsa. Bai ce mini ai na faɗa ba. Ya ɗauko zabira ya biyo ni. A tsakar gida ya cire shi, maƙwabta suna leƙe ta kan zana, kuma abin da ya biyo bayan haƙorin ba zan kwatanta muku ba, warinsa kaɗai ya kori kaji. Ubanku ya ɗan sami sauƙi har ya sha kunu. Amma Ilu ya ja ni gefe ya ce abin ya riga ya hau sama, ya fi ƙarfin zabira, sai allurar hakim.

Hanya ɗaya ta rage, bahar, shi kuma ya cika ya yi ja yana tafe da itatuwa. Masu kwalekwale sunka ƙi. Ilu ya yi ta bin su har wani ya yarda, amma sai da gari ya sake wayewa. Munka ɗauki ubanku a kan gadon nan da nake zaune a kai yanzu. A cikin jirgin na ɗora kansa a cinyata, Ilu yana kwarfar ruwa da ƙwarya. Ya daɗe bai san inda yake ba, yana kiran sunayen mutanen da sunka yi hajji tare. Can ya buɗe idonsa mai gani, ya nemi ƙaninsa, maganar tana fita da ƙyar.

“Ilu, ka ba ta abinta. Nata ne.”

Ilu ya ciro ɗan ƙyalle daga aljihu ya sa mini a tafin hannu. Haƙorin ne, zinariyar tana nan lafiya lau, ko tabo babu. Saiwar kuwa baƙa ƙirin.

A Sinja sun yi iya yinsu, allura kan allura. Na ciro ambulan ɗin na ba hakim na can, ni da anka ce in kai masa tun da rani. Ya ɗaga hoton ga taga, idonsa bai ko tsaya kan farin ba. Ya tambaye ni yaushe anka ɗauka. Na faɗa. Ya dube ni, ya mayar da hoton cikin ambulan, ya miƙo mini da hannu biyu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu ubanku ya yi a wurinsu, ya cika da hantsi. A can anka rufe shi, cikin mutanen da bai sani ba.

Kafin mu dawo gari ya riga ya yanke hukunci. Kowa ya ga haske a hoto, kowa ya leƙa ya ga Ilu da awartaki, kowa ya ji mutuwa bayan kwana uku. Sunka haɗa ukun sunka ce an cire wa Alhaji albarkar da ke riƙe da shi. Wasu sunka tuno cewa Ilu ya taɓa kwatanta haƙorin da ƙusa. Wasu sunka tuno ni da bakina na ce hassada yake. Ina ɗakin takaba ina jin komai ta jikin zana, mata suna shigowa suna tausaya mini, suna tsine masa a gabana, ina sunkuyar da kai. Mai takaba ba a sa ran ta yi magana, na ɓuya a bayan wannan. Anka daina kai masa yara kaciya, maza sunka koma aski a wani ƙauye. Ranar sadakar arba'in, da mutane sunka ragu da la'asar, na ji takun Ilu ya tsaya a bayan zana. Ya yi mini gaisuwa yadda ake yi, na amsa. Sannan ya ce:

“Matar yaya, ba na roƙon ki ki ce komai. Ki fito da hoton nan ki ɗaga yatsanki su gani. Shi ke nan.”

Ya tsaya har inuwar zana ta kai bakin randa, sannan na ji ya tafi. Na ce a raina in na fita takaba zan yi. Na ji tsoron dangin ubanku su karɓe ku daga hannuna, wannan gaskiya ne. Amma ba ita ce babbar gaskiyar ba. Babbar ita ce na kasa tsayawa gaban matan da na tara a tsakar gidana in ce musu ni Dije na rufe musu ido. Na fita takaba ban faɗa ba. Da kaka ta yi hanya ta buɗe, ya kwashe iyalinsa ya koma Rusairis. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, na tabbata, don da ya faɗa da ta dawo mini. Kowace shekara yakan aiko muku da yadin salla ta hannun direbobi, babbanku yakan mayar. Ina gani.

Daga nan ban sake sa kowa dariya a kasuwa ba. Na ci gaba da ƙosai har kunka kama ƙasa, ana ce mini matar Alhaji har yau, ina amsawa. Mutane suna ganin ban sake aure ba don son ubanku ne. Akwai wannan. Akwai kuma cewa wanda ke riƙe da irin abin da nake riƙe da shi ba ya son wani ya kwana kusa da shi.

Shekara goma sha biyu bayan nan, Saude za ki tuna, kin kai ni Madani don idona. Ina fitowa na ce ki kai ni wajen masu haƙori, kinka ce me ke miki ciwo, na ce ba komai, shi ya sa. Kinka ɗauka rigimar tsufa ce ta fara. Sun ɗauki hoto, sun sami biyu a turame suna ruɓewa ta tsakani inda ko asawaki ba ya kai wa. Ɗaya sunka cike, ɗaya sunka cire. Hakim yana shirin lallashina na ce ya yi aikinsa. Ga ni nan da giɓina, na binne sa'annina duka, ina cin gyaɗa. Saboda haka in mai haƙori ya ce muku a ɗauki hoto, kada ku ce ai ba ya ciwo. Ubanku ya faɗi haka. Kuma ku yi shi tun hanya tana bushe.

Akwai gwangwanin shayi a ƙasan akwatina, ƙarƙashin likkafanina. Abu biyu ne a ciki. Haƙorin, ku kai shi Rusairis, ku nemi babbar ɗiyar Ilu, an ce tana nan da ranta kusa da tashar motoci. Ku tafi ku ukun, babbanku a gaba, ku cire takalma a ƙofa. Ku karanta mata wannan da Hausa, in Hausarku ta gaza ku ƙarasa da Larabci. In ta karɓa to, in ta jefa a bahar ma ta yi daidai. Kada ku jira in mutu, ina so in ji abin da ta ce.

Hoton kuwa ku riƙe shi. Ya yi ja-ja, gefensa ya nannaɗe, amma har yanzu yana nunawa. Nakan fito da shi da hantsi in ba kowa, kuma kullum ba kowa. In za ku duba, ku ɗaga shi ga rana, ku sa babban yatsa ku rufe farin. Sannan ku duba.